Peugeot 406 Wagon Ta Hannu: Yadda Ake Duba Ta, Inda Take Ciwo, Da Abin Da Riƙonta Ke Ci

Duk wanda ya fita sayen Peugeot 406 wagon a yau, tsohuwar mota zai saya, komai ƙyallin fentinta. An fito da 406 a 1995, wagon ɗinta ta biyo baya a 1996, aka yi mata kwaskwarima a 1999, sannan aka daina ƙera ta a Faransa a 2004 da 407 ta gaje ta. Ke nan autar waɗanda aka ƙera a Faransa ma ta haura shekara ashirin. Amma har gobe ana nemanta, kuma masu neman suna da hujja. Tana da daɗin zama a doguwar hanya, bayanta na cin kaya, tankinta lita 70 ne. Ga shi kuma tun da PAN, kamfanin Peugeot na Najeriya, ta fara haɗa Peugeot a Kakuri ta Kaduna a 1975 makanikan Arewa suka saba da Fijo, kayanta ba sa wuyar samu a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna.

Abin da ya kamata mai saye ya sa a ransa tun daga gida shi ne, kuɗin da zai miƙa wa dillali ba shi ne kuɗin motar ba. Akwai bashin gyara da masu ita na baya suka bari, kuma kai za ka biya. Yawancin 406 da ke ajiye kan duwatsu a gareji ba ƙirarsu ce ta kai su can ba. Taimin bel ne da ba a canza ba, da tamostat, mai daidaita zafin ruwan inji, da aka cire aka jefar, da man giyar da bai dace ba, da wayoyin da rewaya ya yanka yana lalube. Saboda haka kada ka kashe duk abin da ke hannunka wajen saye. Ware kwata zuwa kashi ɗaya cikin uku na kuɗin don aikin watan farko. Idan ba za ka iya ware shi ba, lokacin sayen bai yi ba tukuna.

Mataki na farko: san wadda ke gabanka

Sunan ɗaya ne, amma injinan sun bambanta, kuma wahalar kowanne daban. Kada ka dogara da bakin dillali ko rubutun da ke manne a but. Karanta lambar shasi. Tana farawa da VF3, sai haruffa biyu na irin bodi, sai haruffa uku na shida zuwa na takwas, waɗanda su ne sunan injin da aka sa mata daga kamfani.

LFY inji ne mai 1.8 na tsohon zubi, RFV kuma 2.0 na tsohon zubi, dangin XU ke nan. 6FZ shi ne 1.8 na sabon zubi, RFR da RFN su ne 2.0 ɗin da makanikai ke kira EW10, 3FZ kuma 2.2. XFZ da XFX su ne V6, masu silinda shida. Masu shan gas kuwa, RHY da RHZ su ne 2.0 HDi mai doki 90 da mai 110, 4HX kuma 2.2 HDi.

In ana son mu zaɓa, EW10 ko XU mai giyar hannu za mu nuna. Su ne kowane makanikin Fijo ya sani, kuma kayansu ne suka fi yawa a kasuwa. V6 inji ne mai ƙarko da daɗin ja, sai dai yana shan mai, wurin aiki a cikin bonet ya matse, kuɗin hannu kuma ya fi yawa. HDi ba ta shan mai sosai, amma famfonta da nozul ɗinta ba sa yafe gurɓataccen gas, kuma gyaransu ba na kowane gareji ba ne. Ita 2.2 HDi ma tana da matatar hayaƙi da ke buƙatar wani ruwa na musamman mai suna Eolys. Wanda ba shi da ƙwararre a kusa, ya bar ta.

Bayan ka karanta lambar, buɗe bonet ka tabbatar injin da ke ciki shi ne. Sauya inji ba aibi ba ne a mota mai wannan shekaru. Aibin shi ne a sa inji na wani zubi a bar masa burenbos, wato kwamfutar inji, da wayoyin wani, a yi ta haɗe-haɗe da salatif. Irin wannan motar ba ta gama gyaruwa.

Duba kuma ko asalinta mai sitiyari a dama ce daga Ingila aka juya ta. Alamunta: agogon gudu yana ƙirga mil, waifa na sharewa ta ɓangaren fasinja fiye da na direba, ga waldi da faci a bangon da ke tsakanin inji da ɗaki. Motar da aka juya takan zo da matsalar sitiyari, birki da wuta gaba ɗaya. Ko an sauke maka kuɗi, wuce.

Mataki na biyu: takardu kafin sifana

A Janairun 2017 gwamnatin Najeriya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, kuma akwai ƙa'idar shekarun motar da aka yarda a shigo da ita, wadda 406 ta riga ta wuce. Don haka idan aka ce maka wannan sabuwar sauka ce daga Kwatano, takardar kwastan ce abin tambaya na farko. Gwada lambar shasin da ke takarda da wadda ke jikin mota harafi bayan harafi, sannan a tantance takardar a ofishin kwastan kafin kuɗi su bar hannunka. Wadda aka yi amfani da ita a gida kuwa, nemi takardar mallaka da rajista, a rubuta yarjejeniyar ciniki da shaidu.

Tambayi makulli na biyu da katin lambar sirri mai haruffa huɗu. 'Yan farko suna da madannin lamba kusa da giya, na baya kuma ƙwayar tsaro ce a cikin makulli. In makulli ɗaya ne kuma babu lambar, ranar da ya ɓace za ka sha wahala da kashe kuɗi kafin motar ta sake tashi. A rage wannan a ciniki.

Mataki na uku: je ka same ta da sanyin safiya

Ka ce kada a tayar da ita kafin ka iso, ka kuma taɓa injin da hannunka ka ji. Inji mai zafi yana ɓoye aibi da yawa.

Kafin a yi kik, buɗe murfin baƙin mai. Farin kumfa mai kama da madara alama ce ta ruwa na shiga mai. Buɗe tankin ruwa: in ka ga jan ruwa mai tsatsa, an daɗe ana zuba mata ruwan rijiya, in ka ga maiƙo yana yawo a sama, gasket ko kan silinda ya taɓu. Murɗa makulli ba tare da ka tayar ba, ka ƙirga fitilun dashbod. Ta inji, ta ABS, ta jakar iska da ta mai duk su kama, su kuma mutu bayan ta tashi. Wadda ba ta kama ba sam, cire ƙwanta aka yi ko aka liƙe ta. A daidai wannan lokacin ka saurari fanka. In ta fara juyawa da zarar ka murɗa makulli alhali inji na da sanyi, an haɗa ta kai tsaye, kuma kusan kullum akwai tarihin tafasa a bayan wannan.

Tayar da ita. Ƙarar kas-kas daga saman inji na daƙiƙa biyu ko uku ba komai ba ne, mai ne bai gama hawa ba. In ta ƙi ɗaukewa bayan minti ɗaya, ko dai man ya yi kauri da datti, ko tafet sun gaji. Riƙe babban tiyon lagireto na sama: in ya yi tauri kamar taya cikin minti biyu tun inji bai yi zafi ba, hayaƙin silinda na shiga ruwa. Shuɗin hayaƙi a salansa cin baƙin mai ne, baƙi kuma fetur ne ya yi yawa. Leƙa ƙarƙashi ka ga ko indomin salansa, wato abin tace hayaƙin da ke jikinta, na nan, don ana yawan sace shi tun a hanya a walda bututu a gurbinsa.

Abu biyu sun cancanci ka biya kuɗinsu kafin ciniki. Na ɗaya gwajin matsin silinda huɗun, inda bambancin mafi ƙarfi da mafi rauni bai kamata ya wuce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari ba. Na biyu sa mata kwamfutar Peugeot, wato PP2000 ko Diagbox. Ƙananan na'urorin da ake haɗawa da waya inji kaɗai suke gani, wani lokaci ma ba sa shiga 'yan farko, balle giya da BSI, akwatin da ke kula da wutar jikin mota.

Mataki na huɗu: hanya, ba zagayen layi ba

Minti talatin aƙalla, da esi a kunne, a haɗa da cunkoso da buɗaɗɗen titi. Allurar zafi ta hau zuwa wajen 90 ta tsaya. In ta ƙi hawa sam, babu tamostat. In tana hawa a cunkoso tana sauka a titi, fanka ko lagireto ne.

A mai giyar hannu, sa giya ta huɗu kana tafiya a hankali ka taka totur har ƙasa. In ƙarar inji ta tashi amma gudu bai ƙaru ba, kuloci ya ƙare. Allurar gudu da ke faɗuwa sifili tana dawowa, wani lokaci motar ta mutu in ka zo tsayawa, ƙaramin sensa ne a jikin giya, ba babban aiki ba.

Mai otomatik ce ke buƙatar haƙuri. Yawancin masu silinda huɗu na bayan kwaskwarima giyar AL4 gare su, V6 kuma ZF 4HP20. Ciwon AL4 sananne ne: sai ta yi zafi, ka ji ta buga gum, fitilun S da na alamar ƙanƙara su fara ƙiftawa, ta maƙale a giya ta uku. Ka kashe ka kunna, ta dawo daidai kamar ba ita ba. Shi ya sa mai sayarwa ke son gwajin ya zama gajere. Sau da yawa solonoid biyu ne masu daidaita matsin mai suka gaji, ana kuma canza su tare. Amma in an daɗe ana tuƙa ta a haka, faifan cikin giyar sun riga sun ƙone, aikin ya koma sauke giya. Man da ya yi baƙi yana warin ƙuna shi ke gaya maka an kai nan.

Mataki na biyar: ƙafa, ƙarƙashi da ƙofar baya

A nan wagon ta bambanta da salun, don ita aka fi zalunta da kaya. Tsaya daga nesa ka dube ta a fili mai daidai. In bayanta ya zauna, sifirin sun gaji. Ƙafar bayan 406 mai hannuwa da yawa ce, ita ce sirrin daɗin tafiyarta, ita ce kuma ke cin bushin. Shafa tayar baya ta ciki da tafin hannu. In cikin ya cinye wajen na nan, 'yan sandunan da ke riƙe saitin tayar sun yi lako-lako, kuma za ka ji bayan motar na yawo in ka hau gargada. A gaba, ƙarar ƙwas-ƙwas a kan ƙananan ramuka yawanci sandar balansa ce, mai araha. Dukan da ake ji in an taka birki ko an saki kuloci kuwa bushin hannun ƙasa ne ko kujerar inji. Kujerar inji ta ƙasa shaf ne ya ratsa ta jikin mariƙinta, don haka kuɗin hannunta ya fi kuɗin robar.

A ɗaga ta a rami. Bodin 406 ba ya saurin tsatsa, amma gishirin da ake zubawa a titunan Turai lokacin sanyi yana cin bututun birki, da sifirin, da gadon ƙafar baya. Bututun birki da ya yi ƙuraje a canza shi, ba a shafa masa giris a rufe ido. Duba robobin shaf, duba yoyon man sitiyari, ja birkin hannu a gangara. A masu faifai a baya, birkin hannu wasu 'yan takalma ne daban a cikin faifan, kuma an fi mantawa da su.

Buɗe ƙofar but ka sake ta. In ba ta tsaya da kanta ba, sandunan gas biyu sun mutu, a canza su tare kafin ta sauko a kan wani. Wayoyin da ke shiga ƙofar ta cikin robar da ke sama suna karyewa saboda buɗewa da rufewa, sai waifan baya, ko fitilar lamba, ko makullin but su daina aiki. A nan ake fara dubawa kafin a zargi wani abu.

Game da lodi: nauyin da aka yarda mata yana rubuce a farantin jikinta, kuma abin da za ta ɗauka, har da direba da fasinja, bai wuce rabin tan da 'yar ɗoriya ba. Buhu biyar na masara da mutum biyu sun riga sun kai ta bango. Cusa roba a tsakanin sifirin ko sa na wata mota don ta ɗaga ba ya ƙara wa boris, taya da birki ƙarfi.

Mataki na shida: aikin watan farko

Ka saya. Kafin doguwar tafiya ta farko, ga abin da za a yi, bisa wannan jerin.

Taimin bel. Ko mai ita ya rantse jiya ya canza, in babu rasit, canza. Duk injinan nan, in bel ya tsinke fistin na dukan bawul, aikin 'yan dubbai ya koma sauke kan silinda. Ba bel kaɗai ake saya ba: bel, da tenshina, da ɗan boris mai rakiya, da famfon ruwa, saiti guda, na kamfanin da aka sani irin Gates, Dayco, SKF ko INA. Famfon ruwa bel ɗin ne ke juya shi, in ya ƙafe shi zai tsinka sabon bel. A kulle kamshaf da kuranshaf da fil ɗinsu kafin a kwance komai. Wannan ba ƙawa ba ce, domin a wasu injinan EW haƙorin kuranshaf yana sakin jiki da zarar an kwance notin fuli, kuma alamar fenti ba za ta cece ka ba. Bayan an ɗaura, a juya injin da hannu zagaye biyu ko fiye, a tabbatar fil sun sake shiga, sannan a yi kik. A zafi da ƙurar ƙasarmu, kilomita 60,000 ko shekara huɗu, duk wanda ya riga zuwa, shi ne iyaka.

Sanyaya inji. Nan ne aka fi yi wa Fijo illa da sunan taimako. Ana cewa tamostat na ƙasar sanyi ne, a cire shi, a haɗa fanka kai tsaye. Ga abin da ke biyo baya. Injin ba ya kai zafin aikinsa da wuri, burenbos na ganin har yanzu da sanyi sai ya ci gaba da ƙara fetur, fulogi su yi baƙi, fetur ya wanke man da ke jikin silinda, ringi su ci. Fankar da ba ta hutawa kuma ta ƙone, galibi a cunkoso, ranar da aka fi buƙatarta. Mafi muni, ainihin abin da ya jawo zafin, ko toshewar lagireto ne, ko murfin da ba ya riƙe matsi, ko rile da ya mutu, yana nan ba a taɓa shi ba.

Gyaran shi ne a mayar da komai yadda kamfani ya yi. A sa tamostat, na EW10 yana buɗewa a digiri 89. A sa sabon murfin tankin ruwa mai bar 1.4, domin matsin nan ne ke hana ruwa tafasa a digiri 100. A gyara rile da resisto na fanka har ta riƙa kamawa a ƙaramin gudu da babba da kanta. Lagireton da ya toshe ko robar gefensa ta tsage a canza shi, wankin soda ba ya dawo da shi. A wanke hanyoyin ruwa, a zuba ruwan sanyaya na gaskiya rabi da rabi da tataccen ruwa. Tanadi lita 10 na haɗin don ya isa har da ciko. Sai fitar da iska, wanda da yawa ke tsallakewa: a ɗora mazurari mai tsawo a bakin tanki don ruwan ya fi injin tsayi, a buɗe 'yan notin fitar da iska na kan tiyon hita da gidan tamostat, a rufe kowanne in ruwa ya fito ba kumfa, a bar injin ya yi aiki har fanka ta kama ta saki. Iskar da aka bari a ciki ita kaɗai tana iya ƙona gasket.

Mai AL4 ya ƙara kula da wannan, domin ruwan injin ne ke sanyaya man giyar. Injin da ke zafi yana dafa giyarsa.

Mayuka. EW10 na cin lita 4 da kwata tare da filta. 10W-40 mai kyau ya dace da shi. 20W-50 na jinkirin hawa sama da safe, ba kuma ya maganin injin da ya riga ya gaji. Juye duk kilomita 5,000, da sabuwar filta kowane karo. Giyar hannu 75W-80 take so, wajen lita 2, ba mai kaurin da ake zuba wa manyan motoci ba, wanda ke sa giya tauri da safe. AL4 kuwa mai irin LT 71141 kaɗai. Cikinta lita 6 ne amma wajen lita 3 ke fita a juye ɗaya, don haka in man ya yi datti sai a yi juye biyu ko uku da 'yar tafiya a tsakani. Ba ta da sandar awo. Ana duba cikarta ne ta notin ƙasa, inji na aiki, giya a P, mota a daidai, man na kan digiri 60 a kwamfuta. Makanikin da ya ce zai auna da ido, ɗauke motarka. Man birki DOT 4, a zuƙe tsohon gaba ɗaya, a maimaita duk shekara biyu.

Wuta da fetur. Kwayil ɗin EW10 dogo ne guda ɗaya da ke zaune kan fulogi huɗu. In mota na mis, a ciro shi a leƙa ramukan fulogi. Sau da yawa za a tarar da baƙin mai kwance a ciki daga gasket ɗin murfin sama, kuma in ba a toshe yoyon ba sabon kwayil ma zai bi na da. Kada a yi ta yawo da mota tana mis, don mataccen kwayil na iya taɓa burenbos. Silo da ke hawa da sauka, ko mutuwa a mahaɗar hanya, a fara da wanke maƙogwaron totur da ɗan motan silo kafin a sayi komai. A canza filtar fetur da ta iska. Famfon da ke cikin tanki fetur ne ke sanyaya shi, saboda haka yawo da fitilar ƙarewar mai a kunne kullum da sayen na 'yan bumburutu su ne ajalinsa. In ana zarginsa a auna, bar 3 zuwa 3.5 ake nema gwargwadon inji.

Sai BSI, akwatin da ke kula da fitilu, makullai, waifa da tsaron makulli a 'yan bayan kwaskwarima. Ba ya son a fizge masa wuta. In za a cire batir, a kashe komai, a zare makulli, a rufe ƙofofi da gilashin direba a sauke, a jira minti uku, sannan a cire. In an mayar, a ɗan jira kafin a murɗa makulli. Kada a taɓa cire kan batir inji na aiki wai don gwada caji. Mita ake sawa, a ga volt 13.8 zuwa 14.5. Kada a wanke injin da ruwa mai ƙarfi, kada kuma a yarda rewaya ya nemi wuta da ƙwan fitila yana huda wayoyi. A 'yan ƙarshe, sandar sigina da ake kira COM2000 takan saki har sigina ko fitila su riƙa kama kansu. Ita ake gyarawa ko canzawa, ba BSI ba.

Lissafin riƙo

Farashi a naira ba ya zama wuri ɗaya, musamman tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023, don haka lissafin da zai amfane ka shi ne na adadi. Kai sai ka ninka da farashin ranar. Mu ɗauki mai EW10 da ke yin kilomita 20,000 a shekara.

Fetur shi ne uban kashe kuɗi, ya fi duk sauran in an haɗa su. Auna naka da kanka: cika tanki, rubuta kilomita, yi tafiyarka, sake cikawa, ka raba litar da ta shiga da kilomitar da ka yi, ka ninka da 100. In ya ba ka lita 11, a shekara lita 2,200 ke nan. Motar da aka cire wa tamostat, ko sensan hayaƙinta ya mutu, in ta ƙara lita 2 kacal a kowace kilomita 100, ta ci maka lita 400 a banza, kusan tanki shida. Gwada wannan da kuɗin tamostat ɗaya.

Juye huɗu: lita 17 na baƙin mai da filta huɗu. Filtar iska biyu, ko uku in ana bin hanyar ƙasa da hunturu. Filtar fetur ɗaya. Fulogi saiti ɗaya duk shekara ɗaya da rabi. Takalmin birkin gaba wajen saiti ɗaya, gwargwadon ƙafar direba. Alaimen sau biyu, na tayoyi huɗu, tunda ƙafar baya ma tana da saiti. A kan ƙafa, sa ran sandunan balansa da wasu bushin kusan kowace shekara in hanyarka ba ta da kyau.

Sai waɗanda ba sa zuwa duk shekara amma tilas su zo, waɗanda ya kamata a raba kuɗinsu ana tarawa wata-wata: saitin taimin bel duk shekara uku a wannan tafiyar, tayoyi huɗu, yawanci 195/65 R15, duk shekara biyu zuwa uku, batir wajen shekara biyu saboda zafi, shokazoba, da kuloci sau ɗaya a zamanka da ita in ka iya tuƙi. In za ka sayi taya, karanta lambobi huɗun da ke gefenta, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Tayar da ta haura shekara shida ba ta hanyar Kano zuwa Maiduguri ba ce da rana tsaka, komai zanenta. Ga kuma sabunta takardu da inshora, wadda mafi ƙanƙantarta ga motar gida ta koma naira 15,000 daga Janairun 2023.

Wajen sayen kaya, raba su gida biyu. Bel, tenshina, famfon ruwa, tamostat, robobi, bushin, takalmin birki da filta, sababbi kawai, domin na Beljiyam ɗinsu ma shekara ashirin gare su. Inji, giya, kik, altaneta, ƙofa, fitila da maƙogwaron totur kuwa, na Beljiyam mai kyau ya fi sabon jabu nesa ba kusa ba. In za ka sayi inji ko giya, a rubuta kwanakin gwaji a rasit, a kuma sa wa injin sabon taimin bel tun yana ƙasa kafin a ɗora shi. Burenbos da BSI da ƙwayar makulli kuwa a haɗe suke da lamba ɗaya a 'yan baya, don haka in ɗaya ya mutu, ko dai a sayi saitin ukun daga mota guda, ko a kai wa mai kwamfutar da zai daidaita su. Tafi kasuwa da tsohon kayan a hannu da lambar shasi a rubuce, domin 406 ta 1998 da ta 2002 sun sha bamban a soket, sensa da kwayil ko da a ido iri ɗaya ne.